Babi na Bakwai: Hoto Ma Yana Buƙatar Isnadi

Duk lokacin da guguwar zaɓe ta kaɗa, daga shataletalen Mobil zuwa Kpakungu, daga Tunga har Chanchaga, da wuya ka ga katanga ko turken lantarki a Minna da ya tsira daga fostar 'yan takara. Mutumin da kowa ya san ya haura sittin sai ka gan shi a jikin allo fata sumul, furfura ta ɓace, haƙora fari tas. A gefensa kuma an jera masa hoton wani jigon jam'iyya, kafaɗa da kafaɗa, alhali wataƙila ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba. Minna gari ne da ya san darajar hoto da manya. Tsofaffin shugabannin ƙasa biyu ne ke zaune a cikinsa, Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar, kuma masu neman mulki daga ko'ina cikin ƙasa sukan yi tattaki su kai gaisuwa, kafin su kai tashar mota ko filin jirgi hoton ziyarar ya riga su fita gari.

Wannan fostar ba ta yaudarar kowa. Mai keke-napep da ke wucewa ta gabanta ya san fuskar ɗan takarar ta gaskiya, ya gan shi a masallacin Juma'a, ya gan shi wajen jana'iza. Fosta kirari ce. In maroƙi ya kira mutum zaki, babu mai jiran ya ga geza a wuyansa. Mai kirari da wanda ake yi wa da masu saurare duk sun san abin da ake ciki, saboda haka babu wanda aka cuta. Na fara da wannan ne don a raba gyaran hoto da ƙaryar hoto tun daga tushe, domin masu kuka da zamani sukan haɗa su wuri guda, su ce kwamfuta ce ta koya wa hoto ƙarya.

Wanda ya girma kafin zuwan wayar salula ya san zuwa gidan hoto sha'ani ne na ranar Sallah ko na makon biki. Akwai labulen da aka zana bene ko jirgin sama ko lambu a jikinsa, akwai furen roba, akwai tarhon da ba a jona shi da komai ba, akwai rediyon da za ka dafa kamar naka. Alhazai da yawa sun dawo gida da hoton da aka ɗauke su gaban labule mai zanen Ka'aba. A Bamako, Seydou Keïta, wanda ya buɗe gidan hotonsa a 1948, yana ajiye da agogo da alƙalami da rediyo da babur, har da mota, domin duk mai so ya tsaya kusa da su a ɗauke shi. Yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen tarihi na duniya, kuma babu mai kiransu ƙarya, domin sun faɗi gaskiyar abin da mutanen Bamako na wancan zamani suke buri. Masu hoto na da sukan bi nagatif da fensir mai tsini su goge ƙuraje, su bi hoton baƙi-da-fari da launi su yi wa hula ja su yi wa zane kore. A ƙasar Yarabawa kuwa, a shekarun 1970, an samu masu hoto da in tagwaye ɗaya ya rasu sai su ɗauki mai rai su wanke hotonsa sau biyu a takarda ɗaya, iyaye su samu 'ya'yansu biyu zaune tare.

Ƙaryar ma tsohuwa ce. A 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa. Shekara guda bayan haka wani Bafaranshe mai suna Hippolyte Bayard, wanda yake ganin an danne masa haƙƙinsa na ƙirƙira, ya ɗauki kansa hoto a matsayin gawar da aka tsamo daga ruwa, ya rubuta a bayan hoton cewa ya kashe kansa don baƙin ciki. Ya rayu shekaru da yawa bayan nan. A Tarayyar Sobiyat, bayan an kashe Nikolai Yezhov a 1940, sai aka goge shi daga hoton da yake tsaye kusa da Stalin a bakin ruwa, aka cike gurbinsa da ruwan. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Masar guda kusa da 'yar'uwarta don su shiga bangon mujalla.

To in haka ne, me ya sauya?

Da fari dai wahala ce ta kau. Stalin sai da ya tanadi ƙwararru da ɗakin duhu da gwamnati sukutum kafin ya goge mutum ɗaya. Manhajar Photoshop ta fito kasuwa a 1990, kuma ko ita sai wanda ya koya. Yau yaron da ke tsaron shagon wanke hoto a bakin kasuwar Kure, in ka kawo fasfo ka ce masa, "Don Allah a sa min kwat, a ɗan haska ni," kafin ka ƙirga kuɗin ya gama. 'Yar makarantar sakandare ma tana yi da babban yatsa a wayarta. Amma abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ɓacewar nagatif. A zamanin fim, kowane hoto yana da uwa, wato ɗan ɓallin fim ɗin da hasken ranar ya taɓa a daidai lokacin da aka danna. In gardama ta tashi ana iya komawa ga mai hoto a ce ya fito da shi, a ɗaga shi sama a duba. Hoton waya kuwa jerin lambobi ne. Wanda aka gyara da wanda ba a taɓa ba duk lambobi ne, kwafi na dubu bai bambanta da na farko ba a idon mai kallo, kuma da zarar ya bi ta WhatsApp ko Facebook, bayanan da wayar ta liƙa masa na rana da sa'a da irin na'ura sukan zube a hanya.

Har ma kalmar "wanda ba a taɓa ba" tana neman ta rasa ma'ana, domin wayar da kanta tana gyara kafin ta nuna maka. In ka danna sau ɗaya, wayoyi da yawa suna ɗaukar hotuna barkatai a cikin ƙiftawar ido, su haɗa su, su ƙara haske nan, su rage can, su laushe fata. Wannan ba duka ne sharri ba. Fim ɗin launi na da an auna shi ne da farar fata. Kamfanin Kodak ya kasance yana aika wa masu wanke hoto kati mai hoton Baturiya su daidaita injinsu da shi, shi ya sa a tsofaffin hotunan iyayenmu sau da yawa ido da haƙora da farar riga kaɗai ke fita sosai. Kamfanin da ke yin Tecno da Infinix da itel ya mamaye kasuwar Afirka, kuma cikin dalilan har da daidaita kyamararsa da baƙar fata. Wannan gyara ne da ya kusanto da hoto ga gaskiya. Abin da ba na so shi ne inda gyaran ya zarce ya koma bilicin: a ɗauki yarinya baƙa kyakkyawa, manhaja ta mai da ita fara ba tare da ta nema ba, har ta saba, ta daina son fuskar da take gani a madubi. A 1994 mujallar Time ta ƙara wa hoton O.J. Simpson duhu a bangonta lokacin da ake tuhumarsa da kisa, aka yi mata ca a kai saboda ta sa baƙi ya zama alamar laifi. Mu kuma da hannunmu muke haska kanmu kullum, kuma saƙon da ke ƙarƙashi ɗaya ne.

A harkar aure abin ya fi zafi. Shari'a ta ba mai neman aure damar ganin wadda zai aura, ita ma ta gan shi, don kada a shiga da rufaffen ido. Yanzu sau da yawa ganin farko ta waya ake yi, mai dalilin aure ko wata gwaggo ta tura hoto daga Bida zuwa Kontagora. Nan ba kirari ba ne, domin ɗaya ɓangaren bai san an gyara ba, kuma a kan abin da ya gani zai yanke shawarar rayuwarsa. Namiji ya rage wa kansa shekara goma, mace ta sauya launin fatarta da siffar fuskarta: wannan algus ne, kuma sunansa ke nan ko da kowa yana yi.

Sai dai hotunan da suka jawo zubar da jini a ƙasar nan, akasarinsu babu wanda ya taɓa su da wata manhaja. A ƙarshen watan Yunin 2018 an kashe mutane da yawa a gundumar Gashish ta ƙaramar hukumar Barikin Ladi a jihar Filato. Kisan gaskiya ne, gawarwakin gaskiya ne. Amma binciken da sashen BBC Africa Eye ya fitar a watan Nuwamban shekarar ya nuna cewa wasu daga cikin hotunan da suka fi tunzura mutane a Facebook ba daga Gashish suke ba. Hoton wani jariri mai saran adda ya riga ya bayyana watanni kafin rikicin, wani bidiyo mai muni kuma a Kongo-Brazabil aka ɗauke shi tun 2012. Washegarin ranar da hotunan suka fara yaɗuwa matasa suka tare hanya, aka fitar da matafiya daga motoci aka kashe su, kuma 'yan sandan jihar sun ce hotunan sun taimaka wajen rura wutar. Haka hotunan gawarwakin da suka ƙone lokacin da tankar mai ta fashe a garin Sange na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo a watan Yulin 2010, inda sama da mutum 200 suka mutu, sun shekara da shekaru suna yawo da sunan Kiristocin Najeriya ne da Musulmi suka ƙona. Ko masu kyakkyawar niyya ba su tsira ba. Bayan sace 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilun 2014, ɗaya daga cikin hotunan da duniya ta fi yaɗawa wajen neman a sako su, hoton wata yarinya ce 'yar Gini-Bisau da Ba'amurkiya mai ɗaukar hoto Ami Vitale ta ɗauka shekaru kafin nan, a wani aiki da ba shi da alaƙa da satar mutane.

A duk waɗannan, kyamara ba ta yi ƙarya ba. Rubutun da ke ƙarƙashin hoton ne ya yi, hoton kuma ya ara masa ƙarfinsa. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma ya yi gaskiya a zamanin da gani yake nufin ka je da ƙafarka ka tsaya a wurin. Wanda ya kalli hoto a waya yana jin kamar ya gani, alhali ji ya yi: wani ne ya gaya masa inda abin ya faru da ranar da ya faru da wanda ya aikata, kuma galibi bai san ko wane ne wannan wanin ba. Jita-jita ce ta samu ido, shi ya sa ta fi ta baka saurin shiga zuciya.

Daga 2022 zuwa yau kuma an shiga wani mataki dabam, kuma a nan ne nake ganin asalin hoto da kansa ya sauya. Duk ƙaryar da aka yi a baya tana buƙatar wani abu ya tsaya gaban kyamara. Bayard sai da ya zauna ya rufe ido. Yezhov sai da ya tsaya bakin ruwan kafin a goge shi. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira ba sa buƙatar kowa ya tsaya. Rubuta musu abin da kake so kawai za ka yi. A watan Maris na 2023 miliyoyin mutane suka yarda da hoton Fafaroma Francis sanye da wata farar rigar sanyi mai kumburi, alhali bai taɓa sa ta ba. Wata guda bayan haka Bajamushe Boris Eldagsen, wanda ya ci kyauta a gasar hoto ta Sony, ya ƙi karɓa, ya bayyana cewa abin da ya shigar ba kyamara ce ta ɗauka ba. Irin wannan zane ne mai kama da hoto, kuma bai kamata a kira su da suna ɗaya ba. Shawarar da ake ba mutane cewa su ƙirga yatsu ko su duba kunne ta yi aiki na ɗan lokaci, amma manhajojin suna gyara waɗannan kurakurai wata bayan wata.

Mutane sun fi jin tsoron a yarda da hoton ƙarya. Ni abin da ya fi tayar min da hankali shi ne a ƙi yarda da na gaskiya. Mun ga somin-taɓinsa. Bayan doguwar jinyar Shugaba Muhammadu Buhari a Landan a 2017, aka baza cewa ya rasu, wai wani Jubril ne daga Sudan aka kawo yake zaune a fadar shugaban ƙasa. Aka riƙa jera hotunansa ana auna kunne, aka juya wani hoton ta yadda zai zama kamar da hagu yake rubutu. Duk hoton gaskiya da aka fitar sai ya zama sabuwar hujja a hannun masu zargin, har sai da shugaban ƙasa da bakinsa ya musanta a ƙasar Folan a watan Disamban 2018. In shugaban ƙasa mai 'yan jarida da kakaki ya sha wannan wahalar kafin a yarda shi ne shi, ina ga manomin Shiroro?

Domin a jihar Neja wannan ba zancen falsafa ba ne. A watan Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai a kwalejin kimiyya ta Kagara. A ƙarshen Mayun shekarar aka kwashe yara sama da ɗari daga Islamiyyar Salihu Tanko da ke Tegina, suka yi kusan wata uku a daji. Tun a watan Afrilun shekarar, a makarantar firamare ta IBB da ke cikin Minna inda 'yan gudun hijira suka fake, gwamnan lokacin Abubakar Sani Bello ya shaida wa manema labarai cewa Boko Haram ta kafa tuta a Kaure cikin ƙaramar hukumar Shiroro. A ƙarshen Mayun 2025 ambaliya ta auka wa Mokwa da asuba, ta ci sama da mutum 150 a ƙidayar farko ta hukuma, wasu da yawa ba a gan su ba. Yawancin ƙauyukan da irin waɗannan masifu ke sauka ɗan jarida ba ya isa gare su a ranar. Abin da mutanen wurin suke da shi kawai hoton da wani saurayi ya ɗauka da wayarsa: rumbun da aka ƙona, kaburburan da aka jera, gadar da ta karye. Da shi za su nemi agaji, da shi za su ƙaryata mai cewa babu abin da ya faru. Duk wanda ya ɗauko hoton wata ƙasa ya liƙa masa sunan ƙaramar hukumar Munya ko ta Rafi, ko da tausayi ne ya sa shi, ya ba masu son musu abin fakewa. Gobe in na gaskiyar ya fito sai a ce tsoho ne, ko a ce haɗa shi aka yi.

Maganin da nake gani ba baƙo ba ne a wurinmu. Lokacin da ƙirƙirarrun hadisai suka yawaita, malamai ba su ce a daina karɓar hadisi ba, ba su kuma ce a karɓi duk wanda ya yi daɗin ji ba. Sun tambayi isnadi: wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji, sun taɓa haɗuwa kuwa, an san shi da gaskiya da kiyayewa? Suka gina ilimi guda a kan sanin masu ruwaya. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ma umarni ce a bincika labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Hoto yanzu ya sauko matsayin ruwaya. Kyansa da fitowarsa tar ba hujja ba ne. Abin tambaya shi ne wa ya ɗauka, a ina, yaushe, ta hannun wa ya biyo har ya iso gare ni.

Hukumomi sun riga mu gane haka. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya shar'anta cewa wanda zai gabatar wa kotu abin da ya fito daga kwamfuta sai ya haɗa da takardar da ke bayanin na'urar da yadda aka samar da shi. Hukumar jarrabawa ta NECO, wadda aka kafa a 1999 kuma hedikwatarta ke nan Minna a hanyar Bida, tana karɓar hoton ɗalibi don kama sojan gona, amma ita da JAMB duk sun ƙara da ɗaukar zanen yatsa, domin fasfo kaɗai ya daina isa. Kamfanonin dillancin labarai kuma suna tsare mutuncinsu da hukunci mai tsanani. A 2006 Reuters ta gano wani mai ɗaukar mata hoto ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut, ta raba gari da shi, ta cire hotunansa 920 daga rumbunta. A watan Maris na 2024 manyan kamfanonin labarai suka janye hoton Gimbiya Kate da 'ya'yanta, wanda fadar masarautar Ingila da kanta ta fitar, saboda sun ga alamun gyara. A 2023 kamfanin Leica ya fitar da kyamarar da ke sa wa kowane hoto hatimin da ke nuna asalinsa da duk taɓawar da aka yi masa daga baya. Wannan isnadi ne na na'ura.

Sai dai kyamara mai hatimi kuɗinta ya fi ƙarfin gidan jarida na jiha, balle ɗan ƙauye. In aka bar abin a haka, za a wayi gari hoton mai kuɗi ne kaɗai abin yarda, na talaka kuwa abin zargi. Don haka dole isnadinmu ya zama na mutane. Wanda ya ɗauki hoton wani abu da ya faru, ya ajiye na asalin a wayarsa kada ya goge. In zai tura wa ɗan jarida ko jami'in agaji, ya tura shi a matsayin fayil don bayanansa su tsira, ya faɗi sunan wurin da ranar. Inda bayyana sunansa zai jefa shi cikin haɗari, kamar yadda yake a ƙauyukan da 'yan bindiga ke da 'yan leƙen asiri, ya isa a ce ɗan jarida ɗaya amintacce ya san shi ya kuma tabbatar ta bakin mai unguwa ko liman, ba sai duniya ta sani ba. Mai karɓa kuma yana da Google Lens a wayarsa, wanda cikin minti ɗaya yake nuna ko hoton ya taɓa fitowa a wani wuri, akwai kuma masu bin diddigi irin su Dubawa, da ke aiki tun 2018 kuma suna wallafawa da Hausa.

Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da sashen koyar da tsaron intanet, tana da gidan rediyonta, Search FM. Ina roƙon malamanta da ɗalibanta su buɗe teburin tantance hotuna na jihar Neja, da lambar waya guda da kowa zai iya tura hoto ya tambaya, a ba shi amsa da Hausa da Nufanci da Gwaranci, a kuma karanta sakamakon a rediyo kowane mako.